Karen Fam Dubu Biyu a Gidan Marasa Galihu

A shekarar 1989, a jihar Victoria ta ƙasar Ostireliya, wani mutum mai suna Wally Conron ya haɗa karya irin Labrador da kare irin Poodle suka yi barbara. Ba kasuwa ce a ransa ba. Aikinsa kiwon karnukan da ake horarwa su zama 'yan jagoran makafi, kuma wata makauniya ce daga tsibiran Hawai na Amurka ta aiko da buƙata mai wuyar biya. Tana son ɗan jagora, amma mijinta da kare ya matso kusa da shi sai atishawa da ƙaiƙayi su taso masa. An san Poodle ba ya zubar da gashi sosai, don haka Conron ya yi shekara uku yana gwada su ɗaya bayan ɗaya, har 33, bai sami wanda ya iya jagora ba. Da dabara ta ƙare masa ne ya ce bari ya haɗa jinin biyu ya gani. Karyar ta haifi 'ya'ya uku. Aka aika gashinsu da yawunsu Hawai aka gwada da mijin. Guda ɗaya ne bai tayar masa da ciwon ba, shi aka raɗa wa suna Sultan.

Ɗaya cikin uku ke nan, tun a haihuwar farko, a hannun gwanin da ya san abin da yake yi. Wannan lissafi shi ne masu talla suka binne.

Abin da ya biyo baya ya fi ban dariya. Ƙungiyar da Conron ke yi wa aiki tana ba iyalai riƙon kwikwiyo kafin ya isa horo, kuma akwai mutane a layi suna jira, amma da suka ji waɗannan ruwa biyu ne kowa ya noƙe. Sai ya sa aka shaida wa 'yan jarida cewa an samar da sabon kare mai suna Labradoodle. Nan da nan waya ta fara ruri. Kwikwiyon da aka ƙi jiya shi ake rububi yau, ko gashi ɗaya bai sauya a jikinsa ba. A 2019, yana tsoho, Conron ya faɗa wa kafar yaɗa labarai ta ABC ta ƙasarsu cewa wannan ne babban abin da yake da-na-sani a kansa a rayuwarsa, don ya kwance dodon da ba ya ɗauruwa.

Mai karatu zai iya cewa ina ruwanmu da rigimar karnukan Turawa, mu da kare a wurinmu na gadi ne da farauta, ba ya hawa kujera balle gado. Gaskiya ne, kuma ba gardamar da za a yi a nan ke nan ba, gardamar ita ce ko irin waɗannan karnukan haɗi masu tsada su ma suna ƙarewa a gidajen da ake tara karnukan da aka yasar. Amma wanda ya taɓa shuka masara mai aure, ko ya ga 'yar maraƙar da aka samu tsakanin Bunaji da Friesian irin waɗanda aka daɗe ana haɗawa a cibiyar binciken dabbobi ta Shika, ya riga yawancin masu sayen waɗannan karnuka fahimtar inda gizo ke saƙa.

Bayan Labradoodle sunaye sun yi ta fitowa kamar tururuwa. Cockapoo, wanda ya ma girme shi tun da an san shi a Amurka tun wajen shekarun 1960, haɗin Cocker Spaniel ne da Poodle. Goldendoodle na Golden Retriever ne da Poodle. Cavapoo na Cavalier ne da Poodle. Akwai Puggle, akwai Maltipoo, akwai Pomsky. A bakin Bahaushe dukansu barbarar yanyawa ne, kalmar da in aka jefi mutum da ita sai an raba faɗa. A can kuwa haɗin shi ne abin tinƙaho, kuma shi ke ɗaga farashi. Lokacin kullen korona, a 2020 da 2021, kuɗin kwikwiyo a Birtaniya ya ninka, Cockapoo ɗaya ya haura fam 2,000, sau da yawa ya fi iyayensa masu takardar asali tsada.

Me mutum yake saya da wannan kuɗi? Alkawari yake saya. An ce masa karen ba ya tayar da borin jini, ba ya zubar da gashi, ya fi na asali lafiya, ga sauƙin hali da son yara. Daga nan sai aka ɗora wata magana a kai, wai irin waɗannan karnuka ba a ganinsu a gidajen ceto, wato wuraren da ƙungiyoyin jin ƙai ke tara dabbobin da aka yasar ko aka kasa riƙewa har a samo musu wasu iyayen gida. Dalilin masu faɗar haka shi ne wa zai zubar da abin da ya saya da tsada haka? Ni kuwa a ganina alkawuran nan su ne hanyar da ke kai karen gidan ceton.

Batun borin jini shi ne mafi saurin warwarewa. Abin da ke sa mutum atishawa ba gashin ba ne shi kansa. Wani sinadari ne da ke cikin yawun kare da dusar fatarsa, babbansu masana na kiransa Can f 1, kuma babu karen da ba ya fitar da shi. A 2011 masu bincike a asibitin Henry Ford da ke Detroit sun kwashi ƙurar gidaje masu karnuka suka auna, ba su ga bambanci tsakanin gidan da ke da karen da ake cewa ba ya tayar da ciwo da gidan da ke da kare gama-gari ba. Shekara guda bayan haka wasu a jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan suka auna gashin karnukan kai tsaye, sai ma suka tarar sinadarin ya fi yawa a jikin waɗanda ake yabo, har da Poodle da Labradoodle. Akwai dai mutumin da wani kare ɗaya ba ya damunsa alhali wani na damunsa, kamar yadda ta faru da Sultan, amma wannan tsakanin mutum ɗaya ne da kare ɗaya, ba a rubuta shi a sunan iri ba. Iyalin da suka sayi kwikwiyo don yaronsu mai asma, bayan wata biyu suka ga yaron na shaƙewa, ba su da zaɓi. Yaro ba ya barin gida, kare ne zai bari.

Gashin kuwa nan ne maganar masara ta shigo. Manomi ya san irin da ya sayo a leda yakan fito bai ɗaya a shekarar farko, amma in ya ɗebi iri daga abin da ya girbe ya sake shukawa, gonar sai ta fito wani dogo wani gajere, wani zangarniya biyu wani ko ɗaya da ƙyar. Haka gado yake. Tun 2009 bincike ya nuna cewa 'yan ƙwayoyin gado uku ne ke riƙe da mafi yawan bambancin gashin karnuka, ɗaya na tsawo, ɗaya na murɗewa, ɗaya na gemu da gira. 'Ya'yan haɗin farko sukan ɗan yi kama da juna. Da an haɗa su da junansu, a ciki ɗaya sai a sami mai gashin tunkiya, da mai gashi a miƙe da ke zuba a ko'ina kamar na kakarsa Labrador, da na tsaka-tsaki. Masu kiwo sun san haka, shi ya sa suke mayar da 'ya'yan ga Poodle a kai a kai don gashin ya tsaya. Da aka binciki jinin abin da ake kira Labradoodle na Ostireliya a 2020, sai aka tarar mafi yawansa Poodle ne, na Labrador ɗan kaɗan ya rage. Mutum ya biya kuɗin sabon abu, ashe tsohon ne aka sauya wa suna.

Kuma ko an dace da gashin da ba ya zuba, ba hutu aka samu ba. Gashin da bai faɗi ƙasa ba yana nan a jiki, yana cuɗewa da sabon da ke tsirowa. In ba a taje shi har gindi kusan kullum, a kai shi wurin mai aski duk bayan mako 6 zuwa 8 ba, sai ya dunƙule ya zama kamar kilishin ƙasa manne da fata, a bayan kunne, a hammata, a cinya. Yana jan fatar, yana riƙe damshi, ƙuraje su fito a ƙarƙashi ba a gani. Abin yakan tsananta ne tsakanin wata 6 da shekara guda, lokacin da gashin ƙuruciya mai laushi ke sauka na girma ke hawa, daidai lokacin da mai shi ya saki jiki yana ganin ya gane kan abin. Masu aikin ceto sun saba karɓar irin waɗannan, abu na farko da suke yi shi ne a aske su ƙwal, wani lokaci sai likitan dabbobi ya yi wa karen allurar barci kafin a iya.

Maganar lafiya ta fi sarƙaƙiya, don akwai gaskiya a cikinta, kuma masu karnukan asali ba su da bakin yi wa kowa gori. Tun da aka kafa ƙungiyar rajistar karnuka ta Landan a 1873, ta Amurka kuma a 1884, aka rufe littafin kowane iri, ba a shigar da baƙon jini. Shekara ɗari da ɗoriya ana auren zumunci a cikin 'yan tsiraru, dole cuta ta taru. Pug da French Bulldog an matse musu fuska har numfashi ya zama aiki. Cavalier kuwa ciwon zuciya da na ƙoƙon kai sun yi masa katutu har kotun ƙolin Norway ta tabbatar da haramcin kiwonsa a 2023. Su kansu irin na asalin ai haɗe-haɗe ne da suka tsufa. Golden Retriever ya samo asali ne daga barbarar da wani basarake ya shirya a Sikotilan a 1868, Doberman kuma wani mai karɓar haraji ne a garin Apolda na Jamus ya harhaɗa shi. Shigo da sabon jini na iya gyara ɓarna, an ma gani. A da karnukan Dalmatian duka suna ɗauke da wata tangarɗa da ke jawo tsakuwar mafitsara, sai a 1973 wani masani, Robert Schaible, ya haɗa ɗaya da Pointer, ya yi ta mayar da zuri'ar ga Dalmatian yana zaɓen masu lafiya, har aka yarda da rajistarsu a Amurka a 2011. Shekara 38 a kan cuta ɗaya da aka sani, da gwaji a kowane mataki.

Wannan daban yake da mutum ya kama duk karen da ya samu ya haɗa don sunan ya yi daɗin faɗa. Haɗi yana ɓoye cutar da sai an gaje ta daga uwa da uba take bayyana, amma fa sai in ɓangare ɗaya ne ke ɗauke da ita. To akwai wata makanta da ke cin ido a hankali wadda Poodle ke ɗauke da ita, Cocker Spaniel na ɗauke da ita, Labrador ma haka, kuma tangarɗar iri ɗaya ce a dukansu. Ka haɗa mai ɗauke da ita da mai ɗauke da ita, kowane kwikwiyo na da kashi ɗaya cikin huɗu na haɗarin makancewa, ko da wane suna ka kira shi. Gurɗewar ƙugu ma tana ɓangarorin biyu. Jami'ar Kalifoniya da ke Davis ta duba bayanan karnuka sama da 27,000 a 2013 a kan cututtukan gado 24. A 13 babu bambanci tsakanin na asali da gauraye, 10 sun fi kama na asali, ɗaya ta fi kama gauraye. Kwalejin likitancin dabbobi ta Landan kuma a 2024 ta ɗauki Cockapoo da Labradoodle da Cavapoo ta gwada su da irin iyayensu a kan cututtuka 57, daga bayanan karnuka fiye da 9,000, ta tarar a kusan kashi 87 cikin ɗari na gwaje-gwajen duk kanwar ja ce. Ba su fi lafiya ba, ba su fi ciwo ba. Abin da ke rabawa shi ne ko mai kiwon ya gwada iyayen kafin ya haɗa su, kuma tun da babu littafin rajista da ke bin sawun waɗannan, mai saye ba shi da inda zai duba sai bakin mai sayarwa.

Hali ma haka. Fuskar kamar 'yar tsana ce, sai a manta cewa Poodle da Cocker da Labrador duk karnukan farauta ne, an yi su ne don su wuni suna kutsawa ruwa da ƙaya suna ɗauko tsuntsun da aka harbo. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. A kulle irin wannan a ɗaki biyu a hawa na shida daga safe har magariba, zai yi haushi har maƙwabta su kai ƙara, zai ci kujera. Waɗanda aka saya lokacin kulle sun taso ba su taɓa zama su kaɗai ba, ba su saba da baƙo ba, da iyayen gida suka koma aiki sai abin ya dagule. Ga kuma balaga. Binciken jami'ar Newcastle na 2020 ya nuna kare ɗan wata 8 yakan fara yi wa mai shi kunnen ƙashi a kan umarnin da yake bi sarai yana ɗan wata 5. Masu gidajen ceto sun daɗe da sanin cewa ba jariri ake kawo musu ba, ba tsoho ba, matashi ne wanda kyawun ƙuruciya ya gushe masa, ƙarfi ya zo, tarbiyya ba ta zo ba.

To in haka ne, me ya sa mutum zai shiga gidan ceto ya zagaya bai ga ko ɗaya ba? A nan ne masu cewa babu su suke kafa hujja, kuma idonsu bai yi musu ƙarya ba. Wanda ya shiga manyan gidajen Amurka, inda karnuka kusan miliyan 3 ke shiga a shekara, abin da zai fi gani shi ne masu kama da Pit Bull, da Shepherd, da Husky, da Chihuahua. A Ingila, a wurare irin Battersea da ke aiki tun 1860, Staffie ne da Lurcher da makamantansu suka daɗe suna cika keji. Sai dai abin da ke cikin keji ranar da ka je ba shi ne abin da ya shigo ba, shi ne abin da ya kwantai. Ɗan ƙaramin kare mai murɗaɗɗen gashi, in lafiyarsa ƙalau, kafin a gama ɗora hotonsa masu so sun yi layi, kwana kaɗan ya tafi. Babban baƙin kare mai faffaɗan kai kuwa sai ya yi watanni. Wanda ya isa kasuwa da la'asar bai ga nama mai kyau ba, ba zai ce ba a yanka ba.

Sannan da yawansu ba sa ma bi ta babbar ƙofa. Akwai ƙungiyoyin da ba su da aiki sai karɓar zuri'ar Poodle kaɗai, irin Doodle Trust a Birtaniya da IDOG Rescue da Doodle Rock Rescue a jihar Texas, waɗanda ke ajiye karnukan a gidajen masu sa kai maimakon keji. Samuwar waɗannan ƙungiyoyi kaɗai ta isa amsa. Wanda kuma ya kashe fam 2,000 ba ya son ya tashi a tutar babu, sai ya koma shafin intanet ɗin da ya sayo ya sa talla, ya ce sauyin halin rayuwa ne ya sa zai rabu da shi. Kare ya bi hannu biyu, uku, kowa na ɓoye wa na gaba aibinsa, babu inda aka rubuta. Sai ya fara cizo, ko ciwonsa ya fi ƙarfin aljihu, sannan ya iso gidan ceto, kuma shi ne wanda ba ya saurin fita.

Akwai kuma abin da ya fi ba ni sha'awa a duk lamarin, wato yadda sunan ke faɗuwa a bakin ƙofa. Karen da aka tsinta a titi ba ya zuwa da rasit. Ma'aikaci zai dube shi ya rubuta abin da ya ga ya yi kama da shi, gaurayen Poodle, ko gaurayen Terrier, ko gauraye kawai. Kama da wane kuwa ba ta wane. Masu bincike a jami'ar jihar Arizona sun gwada jinin karnukan gidajen ceto fiye da 900 suka fitar da sakamako a 2018, suka nuna yawancinsu jini uku ne ko fiye, kuma da wuya ido ya canki haɗin daidai. Kwikwiyon da aka saya a matsayin Goldendoodle, in ya gaji miƙaƙƙen gashi, babu mai kiransa da wannan suna a can. Ya shiga lissafin gama-gari, ya fita daga lissafin 'yan gata. Wannan matsala ta suna tana yanka ta kowane ɓangare, don su ma masu kururuwar cewa waɗannan karnuka sun cika gidajen ceto maƙil sun zarce gona da iri. Suna nan, suna ƙaruwa gwargwadon yadda aka saye su, amma ba su ne suka fi yawa ba.

Kuma ba a cika yasar da kare don irinsa ba. Haya ce ta ƙare, sabon mai gida ya ce ba ya son dabba. Aure ne ya mutu, ko tsohuwa ta rasu 'ya'yanta ba sa so, ko kuɗin likita ya gagara. A 2022, da tsadar rayuwa ta matsa a Birtaniya, ƙungiyar Dogs Trust ta karɓi kira sama da 50,000 daga masu neman a karɓi karnukansu, adadin da ba ta taɓa gani ba. Mai gidan haya ba ya tambayar nawa aka sayi kare.

Saura waɗanda ba a ma sa su a lissafin, wato iyaye mata. Buƙatar da ta tashi lokaci guda ba masu kiwon kirki ne suka cike ta ba, don mai kirki ciki ɗaya ko biyu yake fitarwa a shekara. Gonakin kwikwiyo ne suka cike ta, a jihohin Missouri da Ohio da Pennsylvania, a Wales da Ireland da gabashin Turai, inda ake jera karya a keji tana haihuwa ba hutu. Mai saye ya ga hoto a waya, ya tura kafin alƙalami, a haɗu a tashar mai a miƙa masa, cinikin biri a sama ke nan. Kalifoniya ta hana kantuna sayar da kwikwiyon masu kiwo daga 2019, jihar New York ta bi sahu a ƙarshen 2024. Ingila kuma tun Afrilun 2020 ta hana dillalai sayar da kwikwiyon da bai kai wata 6 ba, dole mai saye ya je wurin wanda aka haife shi a hannunsa ko gidan ceto. Dokar ana kiranta da sunan Lucy, wata karya ce irin Cavalier, irin da ake haɗawa da Poodle a sami Cavapoo. An ceto ta daga wata gona a Wales a 2013, bayanta ya lanƙwashe saboda zaman keji, gashinta ya zube a wurare, tana farfaɗiya. Ta mutu a 2016. Irinta in sun daina haihuwa aka sallame su, gidan ceto yakan rubuta su da sunan asalinsu, Cavalier ko Poodle ko Cocker, don haka ko ɗaya ba ta shiga ƙidayar da ake gardama a kanta.